HAWAN MPAPE NE KE TONA ASIRIN TSOHUWAR JIF

Duk direban da ya taɓa barin babban titin Murtala Muhammed ta gefen Maitama ya miƙa hanyar Mpape ya san akwai aiki a gabansa. Hanyar hawa ce tun daga gindinta, tana lanƙwasa tana bin jikin duwatsu, ga tifofi cike da tsakuwa suna gangarowa, ga 'yan tasi suna kutsawa ta kowane gefe. Mota mai lafiya ma sai ta yi nishi kafin ta kai sama, balle wadda ke ɗauke da ɓoyayyiyar cuta. Don haka ba abin mamaki ba ne a ga tsohuwar jif ko akori-kura a gefen hanya, an buɗe bonet, an sa mata dutse a bayan taya, mai ita yana tsaye yana kallon inji.

Cutar da ta fi wahalar da masu irin waɗannan motoci ita ce mai zuwa tana komawa. Mota tana cikin tafiya lafiya lau, sai direba ya ji ƙarfinta ya zube, ya taka totur har ƙasa ta ƙi amsawa, wani lokaci ta yi ta fizga, wani lokaci kuwa ta mutu ɗungum. A ba ta minti goma sai ta tashi kamar ba ita ba. A kai ta gareji, bakanike ya tayar da ita ya saurara, ya ce bai ji kome ba. Daga nan sai a shiga canke: yau a sake fulogi, gobe kwayil, jibi famfon mai, har a kai ga maganar sauke inji, kuɗi suna ta zurarewa cuta kuwa tana nan daram.

Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Kudu ƙwarai da gaske. Da yawa daga fataken shanu, da 'yan goro, da 'yan gwari na Agege da Mile 12 a Ikko, da Sabon Badun, da Sabon Shagamu, sukan tara kuɗi su sayi tsohuwar jif saboda hanyar ƙauyensu, su ɗebi iyali a ciki lokacin Salla su nufi gida. Ikko kuwa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, motar da ke da irin wannan cuta tana iya yin wata da watanni a cikinta ba ta nuna ba. Sai an kai duwatsun Okene, ko an miƙa tsakanin Lokoja da Abaji da kaya niƙi-niƙi, sa'an nan za ta bayyana, a inda babu gareji babu gari.

Garin duwatsu

Mpape asalinta ƙauyen Gwarawa ne, tana cikin ƙaramar hukumar Bwari. Bayan da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa doka mai lamba 6 ta 1976 wadda ta haifar da sabon birnin tarayya, kamfanonin gine-gine suka buɗe wuraren fasa dutse a kan tsaunukanta, domin da tsakuwar nan aka gina tituna da gidajen Abuja masu yawa. Leburori, da direbobin tifa, da kanikawa suka biyo aikin suka zauna. Da gwamnati ta taso daga Ikko ran 12 ga Disamba 1991, kuɗin haya kuma ya gagari talaka a tsakiyar birni, sai garin ya cika ya batse.

Abin da ya sa wurin ya zama ma'aunin mota abu uku ne da suka haɗu a wuri guda: hawa, da ƙurar dutse, da gargadar hanyoyin cikin unguwa. Ga kuma tsawon ƙasa. Masana inji sun ce injin da ba shi da turbo yakan rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau, saboda iska tana raguwa. Birnin Abuja ya ɗara bakin teku da sama da mita 400, Mpape kuwa ta fi haka. Wannan ba shi ne cutar ba, amma yana rage wa gajiyayyen inji ɗan rarar ƙarfin da yake ɓoye aibinsa da shi.

Motocin da ake magana a kansu iri-iri ne. Akwai Land Rover ta da, wadda aka fi sani da landiroba, samfuri na uku da aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, har kamfanin Leyland ya riƙa harhaɗa ta a Badun. Akwai Toyota Land Cruiser, da Hilux, da Mitsubishi Pajero wadda ta fara fitowa cikin 1982. Wasu masu kafireta ne, wasu masu injekta da kwamfuta, wasu kuma gas suke sha. Amma hanyar bincikensu ɗaya ce.

Yaushe take yi?

Inji yana bukatar abu huɗu: mai, da iska, da wuta, da hanyar fitar hayaƙi. In ƙarfi ya zube to ɗaya daga cikinsu ne ya kasa a daidai wannan lokaci. Dalilin da ya sa ba a ganin cutar a gareji kuwa shi ne, motar da ke tsaye tana silo mai kaɗan take sha, wuta mai rauni ma ta ishe ta. A kan hawa da kaya abin da take bukata yakan ninka sau da yawa. Matatar mai da ta toshe rabi za ta wadatar da inji a gareji, amma ba za ta wadatar da shi a hawan Mpape ba.

Saboda haka aikin farko ba na bakanike ba ne, na mai mota ne. Ya lura, in da hali ma ya rubuta: da sanyin safiya take yi ko sai inji ya yi zafi? A hawa ne kawai ko har a shimfiɗe? Tanki a cike yake ko ya kusa ƙarewa? A kan gargada ne, ko bayan ruwan sama, ko bayan an sha mai a wani sabon wuri? Sa'an nan abu mafi muhimmanci, a hankali ƙarfin yake zubewa ko farat ɗaya? Galibi cutar mai a hankali take zuwa, kamar mutumin da yunwa ta kama, in an sassauta totur sai motar ta ɗan farfaɗo. Cutar wuta kuwa kamar an kashe makunni take, ta yanke ta dawo, allurar da ke nuna juyin inji ta faɗi ta tashi tare da ita.

Bakaniken ƙwarai ba ya taɓa sifana sai ya ji waɗannan amsoshi, sa'an nan ya shiga motar a tafi da shi inda take yin abin, gama gani ya kori ji. Kuma kafin a zargi inji akwai abu biyu da ya kamata a fitar. In a kan hawa kukan inji yana ƙaruwa amma gudu ba ya ƙaruwa, har ana jin ƙauri, to kuloci ne ke zamewa, inji ba shi da laifi. In kuwa bayan 'yar tafiya aka taɓa ƙarfen taya guda aka ji ya fi sauran zafi, to birki ne ke riƙewa.

In mai ne

Mafi yawan motocin da ke gajiya a hawa kawai, su warke in sun huta, ƙarancin mai ne ke damunsu. A fara da abin da ba ya cin kwabo. Da zarar ta yi abin, a tsaya a buɗe murfin tanki. In aka ji iska ta shige ciki da ƙarfi, motar kuma ta warke nan take, to kafar da tanki ke shaƙar iska ce ta toshe, famfo yana ta ja har ya kasa. Wannan 'yar kafa, wadda ƙura ko laka ke iya toshewa, ta sa an sayi famfo da yawa a banza.

Ga mai kafireta akwai wata tsohuwar dabara. Lokacin da ƙarfi ya zube, direba ya ratse gefe ya kashe inji nan da nan, kada ya bari ya yi silo, domin silo zai sake cika kwanon kafireta ya ɓoye shaida. Sai a duba kwanon. Kafiretar tsofaffin Toyota da yawa tana da 'yar tagar gilashi da ake ganin tsayin mai ta cikinta. In kwanon ya bushe, to mai ne ba ya isowa, sai a bi sawu baya: matatar mai, famfo, tiyo, har zuwa ragar da ke bakin bututu a cikin tanki. Landiroba ta da kuwa akwai ɗan kofin gilashi a gindin famfonta, inda ruwa da datti ke taruwa ido yana gani.

Tankin da ya shekara talatin ba ya rasa tsatsa. Mota tana tafiya, ɓarɓashin tsatsa yana taruwa a jikin raga har ya toshe ta. An kashe inji, ɓarɓashin ya saki ya koma ƙasa, mota ta tashi lafiya. Wannan shi ne asirin hutun minti goman nan, kuma ba fulogi ko kwayil da zai magance shi sai an sauke tanki an wanke. Haka nan bututun mai da ya kusanci salansa yana iya sa fetur ya tafasa a ciki ya zama tururi, musamman a cunkoso da zafin watan Maris da Afrilu, famfo kuwa ba ya iya tura tururi.

Ga mai injekta, magana ta ma'auni ce. Famfon kafireta bai cika wuce fam 6 ba, irin fam ɗin da mai faci ke auna iskar taya da shi, amma injekta tana bukatar wajen fam 40. Sai a ɗaura agogon awo a bututun mai, a sa shi inda za a iya gani, a hau tudu. In allura ta faɗi lokacin da ƙarfi ya zube, an kama ɓarawo. In ta tsaya cik, to a ƙyale famfo a nemi laifi a wani wuri.

Shi kansa man

Wani lokaci motar lafiyarta ƙalau, abin da aka ba ta ne ba shi da kyau. Mai karatu zai tuna da watan Fabrairu na 2022, lokacin da hukumar kula da harkar mai ta tabbatar cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙa'ida, shugaban kamfanin mai na ƙasa na lokacin, Malam Mele Kyari, ya ce daga tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam aka yi lodinsa. Motoci suka yi ta fizga suna mutuwa a Ikko da Abuja, layi ya cika gidajen mai. Metanol ƙarfinsa wajen rabin na fetur ne, yana jawo ruwa, yana kuma cin roba. Irin wannan ba kullum yake faruwa ba, amma man jarkar 'yan bumburutu, wanda ba a san abin da aka gauraya masa ba, kullum yana bakin titi.

Tsadar mai ita ma ta kawo tata cutar. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafi ran 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 500 a Abuja, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura Naira 1,000. Direbobi da yawa suka koma zuba lita biyar ko goma. To famfon mai injekta a cikin tanki yake, man da ke kewaye da shi ne ke sanyaya shi. In tanki kullum a ƙasa yake, famfo zai riƙa zafi yana gajiya, kuma a kan hawa ɗan man yakan gangara gefe guda famfo ya ja iska. Gwajin mai sauƙi ne: a zuba mai ya wuce rabi a wurin da aka amince da shi, a sake hawa. In ta daina, an san inda aka dosa.

In wuta ce

Cutar wuta tana da abokai uku: zafi, da jijjiga, da laima. Kwayil ko kwandansa da suka tsufa sukan yi aiki da sanyi, su kasa in sun ɗauki zafi. In mota ta mutu bayan tafiyar rabin sa'a, a duba tartsatsin wuta nan take tun ba ta huce ba. Shuɗi mai ƙarfi lafiya ne, ja-ja mai rauni ko babu sam alama ce. In aka lulluɓe kwayil da jiƙaƙƙen tsumma motar ta tashi da wuri, to kwayil ne. A landiroba mai fetur a duba tazarar kwantak, wadda littafinta ya ce milimita 0.35 zuwa 0.40 ce, domin takan rufe da kanta in 'yar robar da ke jikinta ta ci. A mai injekta kuwa, sansar da ke ƙirga juyin inji, da ɗan rilen da ke ba famfo wuta, su ma haka suke yi da zafi.

Motar da ba ta yankewa sai a kan gargada, sakakkiyar waya ce. A bar inji yana silo, a bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya ana girgizawa: kan batir, da wayar da ke haɗa batir da jikin mota da inji, da bayan makulli, da akwatin fis. Inda aka taɓa inji ya yi tari, nan ne. Tsofaffin motoci sun sha hannun masu rewaya iri-iri, kowa ya yanka ya murɗa ya naɗe da salatif, kuma kowane ƙulli wuri ne da tsatsa za ta iya shiga. Wadda kuwa ke yi da damina ko bayan wanki, a duba murfin distiributa ko ya tsage, da wayoyin fulogi. In aka buɗe bonet da duhu za a iya ganin wuta tana tsalle daga wayar da ta lalace.

Ƙura da salansa

Lita guda ta fetur tana bukatar iska wajen lita 9,000 kafin ta ƙone sosai. Duk wannan iska ta cikin matatar iska take bi, a Mpape kuwa ƙurar dutse ce a kan ta hunturu. Matatar da ta cika da ƙura tana sa mota nauyi da baƙin hayaƙi a hawa. Wasu sukan cire ta su jefar, alhali kuwa ƙurar dutse in ta shiga inji kamar sanfefa take cin ringi. A mai injekta, ƙura takan rufe sansar da ke auna iska, ko kuma babban tiyon iska ya tsage a lanƙwasa, ba ya buɗewa sai inji ya karkata lokacin da aka taka totur.

A ɓangaren hayaƙi akwai abin nan mai kama da saƙar zuma da ke cikin salansar motocin zamani, wanda kanikawa ke kira indomi. In ya farfashe, gutsurensa yakan juya ya toshe bututu, gargada ta sake kawar da shi, don haka cutar take zuwa tana komawa. Akan gwada ta hanyar sassauta mahaɗar da ke gabansa a yi 'yar gajeriyar tafiya. In ƙarfi ya dawo, shi ne. Amma mai mota ya sani cewa a cikinsa akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinam, kuma yana da masu saye. Kada ya yarda a cire shi ba gwaji, kada kuma a cire ba ya wurin.

Masu shan gas

Injin gas ba shi da fulogi da kwayil, saboda haka bincikensa ya fi gajarta. Abokan gabansa su ne ruwa, da datti, da iska a cikin bututun mai. A kwance 'yar fanfon da ke gindin matatar mai a tsiyaye ruwan da ya taru. A sa guntun farin tiyo da ake gani ta cikinsa kafin famfon injekta, in ana ganin kumfa tana wucewa to akwai inda yake jan iska, ko da kuwa babu ɗigon mai a waje. Hayaƙi ma yana magana: baƙi ƙirin a hawa alamar iska ta yi kaɗan ne ko nozul ya lalace, rashin ƙarfi ba tare da hayaƙi ba kuwa alamar mai ne ba ya isa.

Na'urar kwamfuta

Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 duk suna da soket mai kafa 16 kusa da sitiyari, inda ake jona na'ura ta karanta abin da kwamfutar mota ta adana. Wannan taimako ne babba, da sharaɗi biyu. Na fari, kada a cire kan batir don a kashe fitilar gargaɗi kafin a karanta, domin yin haka yana iya share shaidar. Na biyu, na'urar tana nuna unguwar da cuta take ne, ba ta nuna gida ba. In ta ambaci wata sansa, mai yiwuwa wayarta ce ta ci, ko iska ce ke shiga ta wani wuri. Sai an gwada kafin a saya.

Kafin a kama hanya

Ƙa'idar da ta fi kowace tsare aljihu ita ce a sake abu ɗaya, a gwada, sa'an nan a matsa gaba. Wanda ya sake abu biyar rana ɗaya bai san wanda ya warkar ba, in kuma sabuwar cuta ta ɓullo bai san wanda ya kawo ta ba. A ajiye tsohon kayan kada a yar, domin a Ladipo ta Ikko, da Apo ta Abuja, da Ƙofar Ruwa ta Kano, ana samun na ƙwarai ana kuma samun jabu, sabon kwandansa yana iya zuwa matacce daga cikin kwali. A fara da mai araha, watau murfin tanki, da matatu, da wayoyi, kafin a kai ga mai tsada. Injin da ringinsa ko bawul ɗinsa suka mutu kullum ba shi da ƙarfi, ba ya warkewa don ya huta minti goma. Don haka wanda aka ce masa a sauke inji saboda cuta mai zuwa tana komawa, ya nemi a auna masa matsin kowane fistin ya gani da idonsa tukuna.

A yi gwajin hawa da hankali. In inji ya mutu, birki yakan yi tauri bayan taku ɗaya ko biyu, sitiyari ma haka, jif mai nauyi kuwa in ta fara komawa da baya a hanyar da tifofi ke bi, abin ba kyau. A tabbata birkin hannu yana kamawa, a tafi da mutum na biyu da waigi, a zaɓi lokacin da hanya ba cunkoso, a ajiye abin kashe gobara kusa duk lokacin da za a buɗe bututun fetur, kuma ban da taba.

Mazaunin Kudu ba sai ya zo Mpape ba kafin ya yi wannan gwaji. Badun cike take da tuddai, Inugu tana da hawan Milliken. Wanda zai sayi tsohuwar jif, ko zai kama hanyar gida da wadda yake da ita, ya ɗora mata kaya daidai da na tafiyar, ya bar inji ya yi zafi sosai, ya hau tudu sau biyu ko uku tun da sauran mako biyu kafin ranar tashi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Gara ta nuna halinta kusa da gareji da rana tsaka, da ta nuna shi cikin daji da dare ga mata da yara a ciki. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.